Ɗakin Ma'aurata a Kan Dutse

Sorvaz, 9 ga Disamba

Zuwa ga matata Graciete,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da 'yarmu Noémia da mijinta da duk mutanen ƙauye. Ni ma ina nan, lafiya gwargwadon wadda tsoho zai samu a cikin sanyi.

Wata takwas ke nan rabona da gida, tun bayan Ista. Aikin titi na bazara ya ƙare, na dawo kan dutse bakin kujeruna. Kin san aikin. In tsaya a gindin igiyar da ke jan kujeru zuwa sama, kujera ta zo in riƙe ta, masu hutu su zauna ta haura da su, su zamo ƙasa a kan dusar ƙanƙara, su dawo in sake riƙe musu. Hunturu ashirin da biyu ina riƙe wa mutane kujera, ban taɓa ɗaura katakon zamiyar nan a ƙafata ba. Ba zaginsu nake ba, da kuɗinsu muke ci. Amma da yawansu kallon da suke min shi suke yi wa ƙarfen da ke bayana.

Ga abin da ya sa na rubuto. Madam Perrig, mai kula da ma'aikata, ta ce akwai gurbi a wajen wanki da guga na otal ɗin kamfaninmu daga Fabrairu. Dokarsu kuwa ba sa ba da ɗakin ma'aurata sai in miji da mata duk suna yi wa kamfanin aiki. In kin karɓa, na rabu da ɗakin mutum huɗu da munsharin Firmin, tsohon da muke aiki tare. Ɗakin yana da taga da ɗan murhu. Na shiga na gani, na yi ta tsayuwa har mai shara ta tambaye ni ko ɓatan hanya na yi.

Ki zo a Janairu ki yi mako guda, hutu kawai, ki ga wurin da idonki kafin ki amsa. Firmin ya ce, "Kai Albano, aske gemun nan kafin ta iso, kada baiwar Allah ta zaci bunsurun dutse ne ya zo taryenta." Na ce wanda matarsa ta gudu ba shi da bakin ba da shawara. Ya ce, "To ai don na ƙi askewa ta gudu."

Kada ki ce min Noémia, ta yi aure. Kada ki ce min kaji. Shekara uku suka rage min in kai fansho, kuma na gaji da cin abinci ni kaɗai a bakin gado. Ki taho da man zaitun na gida da takalmi mai kauri.

Mijinki,
Albano

Asibitin kwari, 24 ga Janairu

'Yata Noémia,

Ina gaishe ki, ina gaida mijinki, da fatan hankalinku ya ɗan kwanta. Mamanki ta farfaɗo. Tana cin abinci, har ta fara faɗa da masu jinya a kan rashin gishiri. A waya muryata ta ƙi fita, shi ya sa na zauna na rubuto miki yadda abin ya faru.

Ran Asabar da yamma ta iso. Lahadi gari ya waye garau, ba gajimare ko ɗaya, irin ranar da ba a wasa da ita a nan. Na karɓo mata katin iyalan ma'aikata, wanda ake hawa da shi kyauta, muka shiga motar igiya har ƙololuwar dutsen, sama da mita dubu uku. Duk ma'aikacin wurin nan ya san wanda ya taso daga ƙasa sai ya kwana ɗaya ko biyu jikinsa ya saba kafin ya hau can, domin iskar ba ta ƙosar da huhu. Da bakina nake gaya wa baƙi haka. Amma ni na daɗe ina shaƙarta har na manta. Kuma gaskiya, so nake ta fara ganin kyan wurin kafin ta ga ɗakin wanki da ke ƙarƙashin ƙasa.

Da muka fito ta juya ta kalli duwatsun, fari fat iya ganinka, sai ta tuntsire da dariya. Ta ce, "Albano, nan ne kake mana kukan wahala? Ashe kai kana aljanna, mu ka bar mu da taɓo." Na ce ta bari sai ta ga inda muke shanya safa. Muka ci narkakken cuku da dankali. Rabon da in ga ta ci abinci da daɗi haka na manta. Muna fitowa ta ce, "Riƙe min jakar nan, ji nake kamar wani ya zauna min a ƙirji." Leɓenta ya yi shuɗi. Ta zauna a cikin ƙanƙara, daga nan ta kwanta.

Wata mata cikin masu hutu ta yar da sandunan zamiyarta ta durƙusa a kanta. Na gane ta, mako guda ina riƙe mata kujera ba ta taɓa ce min sannu ba. Ashe likita ce. Ta tambaye ni wane magani matata take sha, na ce ba ta shan komai. Sai ta fizge jakar daga hannuna ta zazzage, ga kwalin maganin zuciya, an sha rabi. Matar nan ba ta tashi daga kan gwiwarta ba sai da jirgi mai saukar ungulu ya zo ya ɗauke mamanki. Ko sunanta ban tambaya ba. Duk abin da na taɓa faɗa a kan mutanen nan, ki cire ta a ciki.

Noémia, tun yaushe? Kin sani? Ba don in ɗora miki laifi nake tambaya ba, ni na kai ta can. Jiya na tambaye ta me ya sa ta ɓoye min. Ta ce, "Da na faɗa, cewa za ka yi in zauna a gida. Ni kuwa ina son ganin ɗakin nan mai taga." Ba ta gan shi ba. Ran Litinin aka ce za a ba ni mabuɗin in nuna mata.

Ranar Alhamis za a sallame ta. Ki tarye ta a filin jirgi, kada ki bar ta ta ɗauki kaya.

Babanki,
Albano

Sorvaz, 12 ga Maris

Graciete tawa,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya jikin? Kina shan maganin a kan lokaci? Noémia ta ce ta gan ki kina ɗaukar itace. Don Allah ki bari.

Na sake komawa wajen likitan ni kaɗai, ko zai sassauta. Bai sassauta ba. Ya ce zuciyarki ba za ta ƙara kwana a wuri mai tsayi irin wannan ba, ko da a cikin gari ne, ba a ƙololuwa ba. Madam Perrig ta ba wasu yara ma'aurata 'yan Poland ɗakin. Ba zan zalunce ta ba, ta jira ni mako uku, kuma ba ta yanke min kwanakin da na yi a asibiti ba. Yanzu sun rataya jan labule. Na sauya hanyar da nake bi zuwa aiki.

Takardar kuɗin jirgi mai saukar ungulun nan ta zo. Ashe tikitin masu hutu yana da inshora a ciki, 'yan kuɗi kaɗan a rana, in mutum ya faɗi a ɗauke shi. Katin kyauta na iyalanmu babu. Ba wanda ya taɓa gaya min, ni ma ban taɓa tambaya ba, domin ban taɓa samun wanda zan hau da shi ba. Firmin ya karanta takardar ya ce, "Tsoho, da ka goyo ta a baya ai da ya fi araha." Daga nan ya fita waje ya daɗe yana fyace hanci.

Kin ce a waya in tattara in dawo. Na yi ta juya maganar. Na nemi aiki a kwari, inda za ki iya zama, amma ba mai ɗaukar ɗan shekara sittin da biyu. In na bari yanzu, fanshon da za su ba ni ba zai riƙe mu da maganinki ba. Saboda haka zan ƙarasa shekarun nan uku a nan, ke kina can. Na so in rubuto miki wani abu dabam, ban samu ba.

Ki gaida Noémia da mijinta da maƙwabta. Allah ya ƙara miki sauƙi, ya sa in same ki a tsaye.

Mijinki,
Albano

Kin tambayi abin da na tara. Bayan na biya jirgi da kasona na asibiti, saura faran dubu biyu da ɗari uku da arba'in, a kuɗin ƙasar nan. A ciki zan cire kuɗin motar zuwa gida da Ista. Kwana tara suka ba ni.