Zuciyar da Aka Hana Gudu

Matsuyama, Oktoba

Zuwa ga Kurata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin kaka ya same ka lafiya, kai da tsofaffin littattafan da kake ƙin sayarwa.

Ina jin zan ajiye karatun nan. Na san wadda ta shiga makarantar likita da furfura ba ta da bakin kuka. Amma jiya Farfesa Onodera ya sa na ɗora abin sauraro a ƙirjin wani tsoho, ya ce, "Hayase, me kika ji?" Yaran ajinmu, sa'o'in ɗana, kowa ya ji raɗar da ke bin bayan bugun zuciyar. Ni bugun kawai na ji, sai kukan cikina. Jarrabawa ta ƙarato. In na faɗi, kantin magani zan koma.

Kwanan nan da na rufe ido sai in ga filin makarantarmu ranar gudun sanyi: muna zagayawa, tururi na fita daga bakinmu, kai kana zaune a gindin bishiyar ginko da bargo a gwiwa.

Ka huta lafiya.
Hayase Tomoe

Yawatahama, Oktoba

Ranki ya daɗe, Shugabar Aji,

Gaisuwa daga wanda bai taɓa riƙe tsintsiya ranar shararsa ba. Lemo ya nuna a kan tudu, teku ta kwanta kamar an yi mata guga.

Kin manta dalilin bargon? Likitan makaranta, mai hannu kamar ƙanƙara, ya jera mu ba riga, ya daɗe a ƙirjina, ya ce zuciyata tana raɗa. Daga ranar mahaifiyata ta hana ni gudu, da iyo, da ɗaukar duk abin da ya fi kwanon shinkafa nauyi. Ni kuwa na yi biyayyar da tarihi bai taɓa gani ba. Kuna zagaya fili, ina zagaya duniya a littafi, ganye na zubo mini a shafi. Ko ranar da za ki bar gari, da na makara na hango jirgin ƙasan da ya ɗauke ki daga kan gada, ban yi gudu ba. Umarnin likita ne.

Ban sake bari wani likita ya taɓa ni ba. Wanda hukunci ya yi wa daɗi ba ya ɗaukaka ƙara.

Ki zo ran Lahadi da abin sauraronki. Ga raɗa nan tsohuwar ajiya, ki saurara har ki haddace.

Naki mai lalura,
Kurata Shinpei

Matsuyama, Nuwamba

Kurata,

Bayan gaisuwa, na gode da shayi da lemo. Ka yafe mini fitar da na yi ba sallamar kirki.

Na saurare ka a zaune, na saurare ka a kwance, na sa ka riƙe numfashi. Ban ji komai ba. Bugu ne kawai, daidai wa daida, kamar agogon bangon ajinmu. Raɗar da aka ji tun muna yara, ni ta gagare ni.

Na shaida wa Farfesa zan bar karatun, na gaya masa dalili. Ya ce shi ba ya amincewa da faɗuwar da bai gani da idonsa ba, in kawo masa ƙirjin. Ina roƙonka ka zo. Akwai jirgin safe.

Da girmamawa,
Hayase

A cikin jirgi, Nuwamba

Shugabar Aji,

Gaisuwa a karkace, jirgi na jijjiga mini alƙalami.

Ƙorafi na kawo. Farfesanki ya saurare ni, ya sa na'ura ta leƙa cikina, sannan ya juya gare ki kamar ni kujera ce, ya ce, "Babu komai a nan. Kunnenki bai yi miki ƙarya ba." Wai raɗar ƙuruciya ce, irin wadda ke tafiyarta tun kafin gemu ya fito. Ta tafi ko sallama ba ta yi mini ba, ta bar ni da bargo.

Na ga fuskarki ta haskaka, na taya ki murna. Ke kin samu kunne, ni na rasa uzuri. Wa zan kai ƙara? Likitan ya daɗe da rasuwa, makarantar an rufe ta, bishiyar ce kawai ta rage tana zubar da ganye ba mai karatu.

Ɗazu muka wuce ƙarƙashin wata gada. Na ɗan gyangyaɗa, na ga wani yaro mai baƙar rigar makaranta a kanta, tsaye, ƙafafunsa lafiya ƙalau.

Naki, wanda aka warkar ba da izininsa ba,
Kurata

Matsuyama, Fabrairu

Shinpei,

Gaisuwa. Na ci jarrabawa.

An tura ni koyon aiki a Uwajima. Ran Asabar zan wuce ta garinmu a jirgin hantsi, kuma ka san ba ya daɗewa a tasha. In ka makara, ka yi gudu. Umarnin likita ne, ko da yake ban gama zama likitar ba.

Tomoe