Hisham Bai Waiwaya Ba

Lahadi, 5 ga Rajab

Yau ma na yar da murfin tukunya. Da gangan. Hisham yana kwance a kan katifarsa a falo, ido biyu, na zagaya ta bayansa na saki murfin a kan tayil. Surukata, Hajiya Mairama, ta fito daga ɗaki da carbi a hannu tana salati, har maƙwabciyarmu ta ƙasa ta buga bango. Shi kuwa gogan yana ta kallon fanka.

Na ce wa Hajiya suɓucewa ya yi. Ta ce hannuna ya cika sanyi tun da na haihu. Wata huɗu ke nan, kuma ban faɗa wa kowa abin da nake tsoro ba: ina ganin ɗana ba ya ji.

Litinin, 6 ga Rajab

Ya waiwaya da na shigo ɗaki! Amma fitila na kunna. Ban sani ba ko ni ya ji ko hasken ya gani.

Laraba, 8 ga Rajab

Na ɗan gutsura wa Hajiya zancen, a kaikaice. Na tuna mata cewa ranar da za a sallame mu daga asibiti ma'aikaciyar ta ce mu dawo a sake gwada kunnensa, kuma har yau ba mu koma ba. Ta ce ruwan haihuwa ne a kunnen, kowane jariri da shi yake zuwa.

"Kada ki yi wa jikana baki, Sa'adatu. Ɗan Misfala ne, tsakiyar Makka. Tun yana ciki yake jin hon ɗin bas da hayaniyar alhazai, me zai firgita shi?"

Ana cikin haka ya fara kuka. Ta saɓa shi a baya, ta ɗaure da majanyi, ta kama yi masa waƙar da ta ce kakarta ta taho da ita daga Sudan. Nan take ya yi tsit. Ta kalle ni ta ce, "To?"

Wallahi na ji daɗi. Har na ci abinci sosai. Sai da na zo wanke kwanuka abin ya dawo ya zauna mini a ƙirji.

Juma'a, 10 ga Rajab

Muttaka (a nan dai ina iya rubuta sunan mijina, ba mai jina) ya dawo daga kai masu Umara filin jirgin Jidda da sabon labari. Wai an kafa wani ƙaton allo a wani fili can Jidda, kana zaune cikin motarka kana kallon fim, sautin kuma ta rediyon motar yake zuwa. Ya ce tun da na haihu ban je ko'ina ba sai Harami da asibiti, ranar Alhamis zai kai ni.

Na ce yaron fa?

"Wannan ai ba ruwansa. Ko a kan injin mota kika kwantar da shi barci zai yi, masha Allah."

Da alfahari ya faɗa. Kowa haka yake yabonsa, yaro mai haƙuri, ba ya firgita. Duk wanda ya yabe shi sai in ji kamar ya taka mini ƙafa.

Hajiya ta ce ba a yawo da jariri bayan magariba, a bar mata shi. Amma ba ya karɓar kwalba, sai nono. Ta ce halas, shi ke nan, tunda mun fi ta sani.

Litinin, 13 ga Rajab

An aro kujerar jarirai ta mota daga wurin abokin aikin Muttaka. Hajiya ta zagaya ta sau biyu ta ce, "A kwando za ku sa shi, kamar tumatir?" Ana ɗaure ta a kujerar baya, yaron yana fuskantar baya. Na lura ban taɓa fita da shi ba sai a hannu ko a goye.

Na shirya maganar tsaf zan yi wa Muttaka. Ya shigo, ya ɗaga yaron sama yana ce masa "ya baɗal, jarumina", sai na fasa.

Juma'a, 17 ga Rajab

Mun je jiya.

Mun yi magariba a hanya, muka isa ana ta jera motoci. Iyalai ne birjik, wasu sun buɗe bayan mota sun shimfiɗa darduma, ga fulas na shayi. Iska mai daɗi daga teku. Na zauna a baya kusa da Hisham, na lulluɓe shi da duk abin da Hajiya ta tura mana. Na ɗan ji kamar amarya, ba zan ɓoye ba.

Wani mutum ya leƙo ya faɗa mana lambar tashar da za mu kama. Fim ya fara a allo, mu kuwa rediyonmu shuuu kawai yake yi. Muttaka yana ta murɗawa yana ƙara murya, yana ƙarawa, wai ko zai ji wani abu. Sai ya faɗa kan tashar daidai lokacin da wani jirgin ƙasa ya taso a allon da ƙararsa, rediyo kuma yana ƙarshen murya.

Na kurma ihu. Shayi ya zube mini a abaya. Wata yarinya a motar da ke gefenmu ta fashe da kuka, ubanta ya harare mu. Muttaka ya rage da sauri yana ba da haƙuri da hannu, ya juyo yana dariya.

Hisham ido biyu yake. Yana tsotson hannunsa, yana kallon hasken da ke wasa a rufin mota. Ko ƙifta ido bai yi ba.

"Kin ga jarumi..." Bai ƙarasa ba.

Na ga dariyar tana barin fuskarsa. Ya miƙa hannu ya sake ƙara muryar, a hankali wannan karon, idonsa a kan yaron, har gilashi ya fara rawa. Ya kashe. Ya kira sunansa. Ya sake kira da ƙarfi. Ya fito ya zagayo ya buɗe ƙofar baya, ya tafa hannu a bayan kujerar inda yaron ba zai gan shi ba.

"Tun yaushe kika sani?"

Na ce ban sani ba, tsoro kawai nake ji.

Ya daɗe a tsaye, hasken allo yana sauya launi a rigarsa. Na zaci faɗa zai yi. Da ma faɗan ya yi. Sai ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Kiran sallar da na yi masa a kunne ranar da aka haife shi fa? Bai ji ba ke nan?"

Muka lallaɓa muka fita tsakanin motoci ba tare da kunna fitila ba. Ko sunan fim ɗin ban riƙe ba.

Asabar, 18 ga Rajab

Muttaka ya roƙi Hajiya ta yi wa yaron waƙar nan ba tare da ta taɓa shi ba. Ta ce ita ba za a gwada mata jika kamar rediyo ba, ta shige ɗaki.

Da la'asar ina kicin na jiyo ta. Yana kuka a katifa, ita tana tsaye ta bayan kansa tana rerawa. Ta kai ƙarshe, ta sake daga farko. Kukan bai tsaya ba. Da ta goya shi ta ci gaba, ya yi shiru. Na zo na ɗora tafina a bayanta kusa da kumatunsa, na ji waƙar tana motsi a cikin ƙashinta. Ashe ta nan take isa gare shi.

Ba ta ture hannuna ba. Ta ce, "Yaushe ne mau'idin asibitin, ranar ganin likita? Da ni za a je."

Talata, 21 ga Rajab

An gwada. Kunnuwan duka biyun ne, ba ya ji. Likita ta yi ta bayanin na'urar taimaka wa ji da wasu gwaje-gwajen a gaba, ta ce mun zo da wuri. Rabin maganar na ji.

A mota Muttaka ya maimaita wa Hajiya tambayarsa ta kiran salla. Ta ce, "Wanda ka kira sunansa ai ya ji." Ya tsaya a gefen titi ya kifa kai a sitiyari.

Laraba, 22 ga Rajab

Ban ci komai ba. Ba na son kowa ya ce mini "haka Allah ya so", ko da yake na san haka ne.

Asabar, 25 ga Rajab

Da safe na ji motsin Hisham, ya tashi. Daga bakin ƙofa na buɗe baki zan kira shi, sai na ga ƙafafuna sun riga sun wuce. Na zagaya gadon, na durƙusa inda zai gan ni, sannan na ce masa ina kwana. Na faɗa da dukan fuskata, gira da baki da komai, kamar mahaukaciya.

Ya zuba mini ido. Sai ya ƙyalƙyale da dariya mai ƙarfi, har Hajiya ta leƙo.

Ban ce na haƙura ba. Har yanzu ƙirjin nan da nauyi. Amma na ja gadonsa na juya shi ya fuskanci ƙofa.