Rumbun da Hoto Ya Cinye

Ƙarfi.

Zuwa ga Yaya Barakatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da maigidanki da yara, da fatan idon Inna da aka yi wa aiki yana washewa. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun duk siminti ya cinye shi.

Yaya, na gaji. Maigidana a wurin gini, Malam Isah, ya samo wata manhaja a waya. Ka ɗauki hoton tsohon gida, ka gaya mata gyaran da kake so, nan take ta nuna maka shi an gama, har da fenti. Da ita muke nuna wa Alhazai aiki kafin a fasa bango. Su zauna a inuwa suna cewa a canja launi, mu kuma mu yini a rana muna cuɗa yashi.

To na gwada ta a gidanmu. Na yi wa ɗakin Inna kwano da tayil da shuɗin fenti. Hoton yana wayar maigidanki. Don Allah ki nuna mata, ki ce na gama gyaran tana Funtua. Ki lura mini da fuskarta.

Ƙaninki, Injiniya Awaisu.

Funtua.

Awaisu,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, sai gajiyar jinya.

Ni ma sakarcin ya ɗebe ni, na nuna mata. Ta daɗe tana kallo da sabon idon, sai ta ce, "Ina rumbun Malam?" Ka duba hoton nan kuwa kafin ka aiko? Babu rumbun da Baba, Malam ɗin nata, ya gina da hannunsa. Bayan ɗaki, inda aka binne cibiyarmu duka, an malale shi da siminti.

Na rantse mata wasa ne. Ta ce hoto ba ya ƙarya. Ta ce tunda kun jira ta makance kuka rushe mata gida, ba za ta koma Ƙarfi ba, a nan za ta mutu. Tuwo ma sai na yi ta lallashi. Ga yara, ga asibiti, ga naka. Ka san yadda za ka gyara.

Ka huta lafiya.
Barakatu.

Ƙarfi.

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Wallahi ban ce ta taɓa rumbu ba. Ita manhajar duk abin da ta ga na ƙasa ne sai ta share, a ganinta datti ne. Da na tsaya a jikin bangon, da ni ma ta mayar da ni tukunyar fure.

Na aiko hoton gaskiya. Ga rumbu, ga akuyar Inna tana cin igiyar shanya, ga ni ina ɗaga hannu. Ki ce mata ɗanta ɗan albarka yana gaishe ta.

Awaisu, wanda ya ajiye injiniyanci.

Funtua.

Awaisu,

Sallama. Ta gani. Ta ce wayar da ta iya cire rumbu ta iya mayar da shi. Ta sa a faɗa wa Kawu ya zo ya ɗauki akuyar. Ka daina aiko hoto.

Barakatu.

Ƙarfi.

Yaya,

Ina gaisuwa. Yau babu wasa a bakina. An yi ruwa mai ƙarfi, gefen rumbun ya zubo, don bana babu wanda ya yi masa yaɓe. Kin san Inna ce take yi duk shekara kafin damina, ba ta yarda kowa ya sa hannu. Na yini ina kwashe dawa zuwa zaure, bayana kamar an daka shi a turmi. Na rufe wajen da buhuna, amma in aka sake irin wannan ruwan, hoton nan zai zama gaskiya.

Direban da ya kawo miki takardar nan yana da ƙunshi a leda. Gutsuren bangon rumbun ne, bai ko bushe ba. Shatin yatsun Inna na yaɓen bara yana jikinsa. Kada ki ce mata komai, ki sa mata a hannu kawai.

Ki gaida yara.
Awaisu.

Funtua.

Awaisu,

Sallama. Na sa mata. Ta shafa, ta jera yatsunta a cikin shatin, suka zauna daidai. Ta shinshina. Sai ta ce, "Wato yana zaune ya bar rumbun Malam yana zubewa?"

Ta ci tuwo, ta ɗaure kayanta. Muna tafe a motar safe. Ta ce ka kwaɓa ƙasa ka ajiye, kada ka taɓa bangon. Wayar kuma ka ɓoye ta.

Barakatu.