Ni Nake Yi wa Mijina Atisayen Idonsa

Assalamu alaikum Goggo,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma kada ki sa sunana. Sau uku ina fara wasiƙar nan ina gogewa, saboda abin kunya ne, kuma da hannuna a ciki.

Mijina ma'aikacin lantarki ne a wata masana'antar robobi, shekararsa goma sha huɗu a can. Wata bakwai da suka wuce tsani ya zame da shi yana gyara a rufin ɗakin injina, ya faɗo da ƙeya. Kwanansa tara a asibiti. Allah Ya tashi kafaɗunsa, yana tafiya, yana magana, yana gane kowa, duk wanda ya zo dubiya sai ya ce ai ya warke sarai. Ni ce na san abin da ya rage. Nesa yana gani tar, zai karanta miki lambar motar da ke can bakin titi. Amma da zarar abu ya matso kusa da fuskarsa sai ya rabu biyu. Saƙo a waya, rubutun jikin kwalbar magani, har farcensa in zai yanke. Ran nan ya zo zuba shayi ya tsiyaya a gefen kofi, ya tsaya yana kallon teburin, ni kuma na yi kamar ban gani ba. In ya dage da karatu minti biyar kansa ya fara sarawa ke nan, sai ya shige ɗaki ya ja labule. Mutumin da a da zai buɗe akwatin wuta mai wayoyi kamar taliya ya nuna miki wadda ta ƙone kafin ki ƙifta ido.

Likitar ido ta ce idanun kansu lafiyarsu ƙalau, buguwar ce ta sa ƙwaƙwalwa ba ta iya juyo da su ciki tare in ana kallon abu kusa. Ta ba mu aron wata na'ura, kamar ƙaton tabarau da ake ɗaurawa a kai ya rufe rabin fuska. In mutum ya sa sai ya gan shi a wani ɗaki fari, ƙwallaye suna tahowa daga nesa har kusa da hancinsa, aikinsa ya riƙe kowace a matsayin guda ɗaya, ya taɓa ta da ɗan abin da ke hannunsa. Minti ashirin kullum. Na'urar da kanta take aika sakamako zuwa kwamfutar likita. Asibitin da nisa, sai mun hau mota biyu, shi ya sa sai bayan sati takwas ake ganinmu.

Satin farko ya yi ƙoƙari, Allah Ya sani. Amma jiri yake sa shi da tashin zuciya, sau biyu yana amai. Ga surukata da ta dawo wurinmu tun bayan haɗarin, in ta leƙo ta gan shi a tsakiyar ɗaki yana kai wa iska hannu sai ta ce, “Yau kuma ƙuda nawa ka kama?” Ba da mugunta take faɗa ba, ita a ganinta ɗanta ya faɗo daga sama an haɗa shi da kayan wasan yara an ce magani. Shi kuwa sai ya cire ya ajiye.

Da ya yi kwana uku bai taɓa ba, aka turo saƙo daga asibiti cewa akwai masu jiran layi, in ba ya amfani da na'urar za a karɓa. Na karanta masa saƙon, tunda ba ya iya karantawa. Ya miƙo min na'urar ya ce, “Maman yara, yi min na yau kawai.” Na karɓa. A wurina abin kamar wasa, ban kuskure ko ƙwallo ɗaya ba. Washegari aka turo madalla, an ga ci gaba. Goggo, ya yi murmushi, wanda rabon da in ga haƙoransa tun kafin ya faɗi. Shi ya san ni na yi, ni ma na sani, amma muka yi murna kamar gaske.

Yau sati biyar ke nan na yau kawai bai ƙare ba. Ni a gidan wanki da guga nake aiki, a tsaye nake wuni gaban tururi. In na dawo da yamma ƙafafuna a kumbure, in ɗora tukunya, in shiga ɗaki in sa sakata, in ɗaura abin a kaina, shi yana zaune bakin gado yana duba min lokaci. Surukata tana zaton taya shi nake yi, har albarka take sa min. Likita kuma duk sati sai ta ƙara wa atisayen wuya saboda tana ganin yana cinyewa, yanzu ni mai lafiyar ma da ciwon kai nake fitowa. Kuma bari in faɗi wadda ta fi ba ni kunya. Minti ashirin ɗin nan ne kaɗai a wunina da ba wanda yake kiran sunana. Wani lokaci in atisayen ya ƙare sai in ƙara tsayawa cikin farin ɗakin nan, ba na son cirewa.

Yanzu saura kwana tara mu koma asibiti. A wurin aiki sun ce za su riƙe masa gurbinsa zuwa ƙarshen watan gobe, amma sai da takardar likita. Likitar ta kira ta ce bisa abin da take gani a kwamfuta tana sa ran rubutawa. Shi ya riga ya goge takalmin aikinsa. Ya ce ranar gwaji zai san yadda zai yi, in bai yi kyau ba ya ce bai yi barci ba ne, kuma in ya koma aiki hannunsa ya san hanya ko ido a rufe. Ni kuwa da na rufe ido wayoyi biyu nake gani a gabansa alhali guda ce, kuma da wuta a jikinta. Da na ce mu faɗa wa likita gaskiya sai ya ce, “Ke ma kin yanke cewa na gama amfani ke nan.” Kwana biyu bai yi min magana ba.

In na faɗa, na tona masa asiri, za a iya karɓe na'urar, aikin ya tafi. In na yi shiru ban san abin da zan ce wa yarana ba in wani abu ya faru. Na gaji, Goggo. Ko kuka ba na iya yi, barci kawai nake ji. Yaya zan yi?

Matar mai gyaran wuta

*

Wa alaikumus salam 'yata,

Sannu da ɗawainiya. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma ban ga muguwar mace a ciki ba. Na ga wadda ta ga mijinta yana amai ta kasa jurewa. Amma tausayin nan ya cinye masa sati biyar na magani, don haka daga yau ki sauke na'urar nan daga kanki. Ko ya roƙa, ko ya yi fushi.

Kafin ki yi masa hukunci, ki duba ta gefensa. Mutum ya wayi gari sana'ar da ya gina kansa a kai ta gagare shi, ciwon kuma ba a ganinsa, kowa na ce masa ya warke. Maganin yana sa shi amai, uwarsa tana yi masa dariya. Ba lalaci ba ne, tsoro ne da kunya. Sannan mutanen da suka bugu a kai sukan zama masu saurin gajiya da saurin fushi, ki sa wannan a ranki in ya faɗi magana mai zafi.

Sai dai batun ɓoyewa ba shi da gaba. Ranar gwaji idonsa za a auna, ba kwamfuta ba, kuma da wuya abin ya wuce likitar. In ta ga sakamako ya yi kyau ido kuma bai motsa ba, za ta iya ɗauka maganin ne bai karɓe shi ba ta dakatar, ko ta shiga neman wata cutar da babu. In kuwa ya yi sa'a ya zille, wannan ce mafi muni, don ke kin san abin da ke cikin akwatin wuta, kuma ba shi kaɗai ke aiki a ɗakin ba.

Ga yadda nake gani. Ki same shi a lokacin da ya huta, ki ce masa kin daina, kuma za a kira likita cikin kwana biyu, kada a jira ranar komawa. Ki ba shi zaɓi, ya yi maganar da bakinsa kina gefensa, ko ke ki yi yana ji. Kada ki yi a bayan idonsa. Ki fara da naki laifin, zai fi masa sauƙin ɗaukar nasa. In ya ƙi duka biyun, ki kira, ki faɗa masa kin kira.

Ni ba likita ba ce, amma na tambayi masu aikin ido kafin in ba ki amsa. Sun ce jiri da tashin zuciya ba baƙon abu ba ne da irin wannan na'ura, musamman ga wanda ya bugu a kai, kuma abin da ya kamata a sanar da su ke nan tun satin farko. Ana iya mayar da atisayen matakin ƙasa, a raba shi gajere-gajere, a yi a zaune. Akwai ma atisayen da ba sa buƙatar na'ura, akwai kuma gilashi na musamman da ke taimaka wa wasu. Ba wanda zai yi miki alkawarin lokacin warkewa, amma yawanci likita ta fi son marar lafiyar da ya ce na kasa a kan wanda ya ce komai lafiya. Za ta iya jin haushi. Ku ba ta haƙuri, ku roƙi a sake farawa.

Batun aiki kuma, takardar likita ba iri ɗaya ba ce kawai. Ku tambaye ta ko za ta rubuta cewa yana kan magani, zai iya aikin da ba na taɓa wuta ko hawa tsani ba. Shekara goma sha huɗu ba wasa ba ce, ya je da kansa ya zauna da shugabansa, ya nemi kula da sababbin ma'aikata ko ƙarin lokaci. Za su iya yarda, za su iya ƙi, ba zan yi miki ƙarya ba. In sun ƙi, zai nemi wani aikin da ransa da lafiyarsa.

Ki tafi da surukarki asibiti ranar komawa, a sa mata na'urar minti biyu ta gani da idonta. Tunda tana gidan, a ba ta aiki, ta karɓe miki tukunyar yamma.

Ke kuma 'yata, gajiyar da ta hana mutum kuka ba ƙarama ba ce. Ki samu 'yar'uwa ko aminiya guda ki faɗa mata duk abin da kika faɗa min, ki kuma ware wa kanki lokacin hutu a fili, ki gaya wa mutanen gidan cewa naki ne. Mai jinya ma tana da haƙƙi.

Zai yi fushi, ƙila ya fi na kwana biyu. Ki bar shi ya yi, yana cikin gidansa, yaransa suna shigowa suna gaishe shi. Allah Ya ba shi lafiya, Ya ba ki ƙarfin gwiwar ɗaukar waya gobe da safe.

Goggonku