Tambayar Atamfa a Bikin Argungu

Daren Asabar, Gwadangaji

Na roƙi Anti Hadiza ta koya mini aikinta na shugabar shagunan tufafi, na zaci ofis za mu. Sai ta ja ni biki Argungu, wai in tambayi mata inda suka sayi atamfarsu, in na kasa babu aikin hutu. Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu.

Da ƙyar na tsayar da wata dattijuwa na tambaye ta. Ta ce, "Ba ke ce ɗiyar Hadiza ba? Shagonta na saye ta, wanki ɗaya ta zuba."

Na koma na gaya wa Anti, kamar in nitse. Anti ta ce, "Wagga magana ba ta iske ni ofis. Je ki tambayi wata."

Abin haushin, har yanzu ina son aikin.