Kwalbar Faranti na Biyu

Litinin, 6 ga Oktoba
Shekara goma sha ɗaya ina shirya wa ɗaliban Farfesa farantan gwaji a wannan lab ɗin, wato ɗakin bincike. Su gama digiri su wuce, ni ina nan kamar turmi. Yau na shirya wa 'Yar Sauri nata guda biyu. Ni na raɗa mata sunan, don ba ta iya wuce baranda sai da gudu. Shekararta uku tana fama da magani ɗaya.

Ina tsakiyar aiki Maman yara ta kira, wai ƙafar Inna ta sake kumbura. Na cire safar hannu na fita waje. Na ce a kai ta asibiti. Ta ce, "Ai mun kai ta, gaya maka kawai nake yi."

Laraba, 8 ga Oktoba
Na kira Inna. Ta sake tambayata wane irin aiki ne wannan da ya hana ni zuwa gida. Na ce akwai sojoji a jinin mutum, ƙwayoyin T, kuma ba sa tashi faɗa sai sun samu umarni biyu. Na farko ya nuna musu abokin gaba. Na biyu ya shiga ta wata ƙofa a jikinsu, CD28, ya ce ku far masa. In na farko kaɗai ya zo, sai su yi lakwas. A cututtuka irin masu cin gaɓoɓi, sojojin nan gida suke juyowa su ci, shi ya sa muke neman maganin da zai toshe ƙofa ta biyu.

Ta ce, "To kun samo?" Na ce tukuna. Ta ce, "Allura cikin ruwa."

Juma'a, 10 ga Oktoba
Faranti na farko, wanda ba magani, ƙwayoyin sun tashi sun yi curi-curi. Na biyu, mai magani, shiru kake ji. 'Yar Sauri ta jawo ni gaban madubin duba ƙwayoyi: "Baba, duba da idonka, kada gobe a ce mafarki na yi." Farfesa ya ce za ta kai sakamakon babban taro watan gobe. Ni kuma ya ce takardar sabunta aikina ta shekara biyu tana kan teburinsa, zai sa hannu mako mai zuwa. In babu ita, babu izinin zama a ƙasar nan.

Asabar, 11 ga Oktoba
Na shigo da safe in duba firiza. Ƙa'idata ce kowane faranti da 'yar kwalbarsa ta sinadarin da ke ba da umarni na biyu, da rubutun hannuna a jiki. In na zuba, in jefar da kwalbar. Ta faranti na biyu tana nan a cike, a daskare.

Ashe ba maganinta ne ya kwantar da su ba. Ba a taɓa tashinsu ba ne. Wayar ranar Litinin ce ta ɗauke mini hankali, ban zuba ba.

Lahadi, 12 ga Oktoba
Kwandon shara taku uku ne daga firiza. Ban jefar ba, na tura kwalbar bayan akwati a firizar na rufe.

Talata, 14 ga Oktoba
Takardun bincike tara sun fita da aikin hannuna. Sunana yana can ƙasa, wajen godiya, kusa da na kamfanin da ke kawo mana ƙanƙara. In na yi shiru, sai bayan wata shida za a sake gwajin, ya ƙi, a ce maganin ne ba shi da tabbas. Kafin nan an sa mini hannu.

Amma gaskiya yarinyar ba ta taɓa barin mini kayan wanki a tebur ba. Kuma jinin da ke cikin farantan nan na marasa lafiya ne. Na tuna matar da yatsunta suka lanƙwashe har biro ya gagare ta, 'yarta ce ta riƙe mata hannu ta cike takardar yarda.

Ba wanda zan gaya wa. Maman yara za ta ce in yi abin da ya fi, wato in zauna da aikina.

Alhamis, 16 ga Oktoba
Na ajiye wa 'Yar Sauri kwalbar a kan ƙanƙara na faɗa mata. Ta karanta rubutun sau biyu.

"Tun yaushe ka sani?"
"Asabar."
"Asabar, Baba? Jiya fa a gabanka na aika wa masu taro sakamakon."

Ta ce za ta iya cewa ita ce ta manta, ita ba za a kore ta ba. Na ce ban kai shekarun nan don in ɓuya bayan sa'ar 'yar cikina ba. Na shiga wajen Farfesa ni kaɗai. Bai yi faɗa ba. Ya jawo takardata daga saman tebur ya sa a aljihun tebur, ya ce, "Na gode da ka faɗa." Da ma zagi ya yi.

Juma'a, 17 ga Oktoba
Ta janye daga taron. Ba ta gaishe ni ba, kuma tana da gaskiya.

Laraba, 22 ga Oktoba
Takarda ta fito. Wata shida, ba shekara biyu ba. Sabuwar doka kuma: kada in sake zuba komai sai da wani a tsaye yana karanta jerin aikin, ina amsawa. Ni, kamar ɗan aji ɗaya. 'Yar Sauri aka ba wannan aiki.

Juma'a, 24 ga Oktoba
Mun sake gwajin. Maganin yana aiki, amma da kashi ɗaya cikin uku kawai ya rage tashin ƙwayoyin. Ta ce, "Ɗan ƙarami ne, amma nawa ne." Sai ta ƙara da cewa hannuna ya fi na kowa tsafta a lab ɗin nan, kaina ne ke yawo. Rashin kunya.

Litinin, 27 ga Oktoba
"Umarni na biyu, faranti na biyu."
"An zuba."
"Ban ji ba, Baba."
"An zuba, ranki ya daɗe."

Haka muke yi yanzu. Yau ta makara, kuma Farfesa ya ce in fara kawai, ya yarda. Na tsaya da safar hannu minti ashirin ina kallon ƙofa. Doka doka ce.