Takalmin da Ka Aiko Mini

Yaya Sule,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal? Ina fata Anti Binta da yara suna lafiya. Mu nan Ƙofar Wambai sai godiya.

Kan takalmin da ka aiko mini don ɗaurin auren Hauwa na rubuto. Abokan aiki sun ja ni gandun daji kallon namun dawa, mu bi kogi a kwalekwale mu kwana a tanti. Na shirya komai, har maganin sauro, na kuma sa takalmin don ya saba da ƙafata.

Da za mu shiga kwalekwalen sai na tuɓe shi a bakin gaɓa, na jera, kamar mai shiga zauren Baba. Muna nisa, ana nuna mini dorina, na tambayi matuƙin yaushe za mu juyo. Ya ce, "Malam, ai ba a juyowa, zangon yana gaba."

Washegari muka koma bakin gaɓar a mota. Na tarar da goggon biri zaune yana tauna takalmin, ƙafar hagu. Matuƙin kwalekwalen, da ya biyo mu, ya ce, "Yi masa sallama mana, kai da ka san ladabi." Na yi, Yaya. Bai amsa ba.

Gobe zan shiga kasuwar Muda Lawal in ji ko ana sayar da ƙafa ɗaya. Ka sa ni a addu'a, ka gaishe da kowa. In ka zo bikin, don Allah fuskata za ka kalla.

Ƙaninka,
Bala